Marsandi 280SL mai wuyar tashi: ciwon sanyi ne ko ciwon zafi?

Alhaji, barka da war haka. Na ga tambayarka: 280SL ɗinka ta 1982 tana gardama wajen tashi, bakanike ɗaya ya ce a canza regiletar ɗumi (mai daidaita matsin mai gwargwadon zafin injin), ɗayan ya rantse akumuleta ce (gwangwanin da ke riƙe matsin mai bayan an kashe injin), kai kuma kana son sanin wa za ka bi kafin ka zaro kuɗi. Kowannensu da hujjarsa, sai dai ciwo biyu daban suke nufi, kuma abin da ke raba su shi ne lokacin da motar ke ƙin tashi.

Injin M110 da ke cikin motarka yana shan mai ne ta tsarin Bosch K-Jetronic, wanda ya fito a 1973. Babu kwamfutar da ke lissafa masa mai. Famfo ne ke turo fetur da matsin da ya kai wajen bar 5, iskar da injin ke zuƙa ta motsa wani faifai, faifan ya motsa sandar da ke raba mai ga nozul shida. Matsin mai shi ne ran wannan tsari, in ya kauce komai ya kauce.

Ciwon sanyi da safe yake bayyana, musamman da hunturu. Ka murza makulli ta daɗe tana juyi, ta kama, ta mutu, sai ka riƙe ta da totur har ta yi ɗumi, daga nan kuma ta wuni lafiya lau. A nan abubuwa uku ake tuhuma: ƙaramin nozul na bakwai da ke fesa ƙarin mai na 'yan daƙiƙu lokacin tayarwa, tare da makunnin da ke jin zafin ruwan injin ya ba shi wuta, bawul ɗin da ke ƙara iska don silo ya ɗaga, sai regiletar da bakaniken farko ya ambata. Aikinta ta sassauta matsin da ke danne sandar rabon mai idan injin na sanyi domin mai ya yawaita, yana ɗumi tana ƙarawa har ya tsaya tsakanin bar 3.4 da 3.8. In 'yar ragar da ke bakinta ta toshe da datti, matsin ba ya sauka, injin ya kwana da yunwa.

Ciwon zafi kuwa akasin haka ne, kuma shi ya fi cin rai. Da asuba murɗa ɗaya ta tashi. Ka kashe ta minti biyu, ta tashi. Ka bar ta awa uku, ta tashi. Amma ka tsaya minti ashirin zuwa arba'in, sai ta yi ta juyi har batir ya fara nishi. Dalili shi ne bayan an kashe injin dole matsi ya rage a cikin bututan mai. In ya zurare, zafin injin sai ya tafasa fetur ɗin da ke cikin siraran bututan nan, su cika da tururi, famfo ya sha aiki kafin ya kore shi. Masu riƙe matsin su ne ɗan bawul ɗin hana komawa da ke bakin famfo, akumuleta (wani gwangwani ne mai roba da sifirin a ciki, yana can ƙasan motar ta baya kusa da famfo da filta), wata 'yar zoben roba a jikin na'urar rabon mai, da su nozul ɗin kansu. In nozul ne ke ɗiga, za ka ji warin fetur, fulogi su jiƙe, ba ta kamawa sai ka take totur har ƙasa, ta tashi da baƙin hayaƙi a salansa.

Kai da bakinka ka ce da safe ba ta taɓa ba ka matsala ba, a bakin masallacin Juma'a ta tsaya maka. Don haka bakanike na biyu ya fi kusa da gaskiya. Duk da haka ban yarda ka sayi akumuleta ba tukuna, don sau da yawa ɗan bawul ɗin famfo ne, shi kuwa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

A nemo gejin matsin mai a ɗaura tsakanin na'urar rabon mai da regileta. A karanta injin na sanyi, a sake karantawa ya yi zafi, sannan a kashe a zuba wa allurar ido minti ashirin. In ta faɗi warwas cikin 'yan mintuna, ciwon zafi ya tabbata. A matse tiyon roba da ke tsakanin tanki da famfo, a sake gwadawa: in matsi ya tsaya, bawul ne. A zare siririn tiyon da ke bayan akumuleta: in fetur ya biyo, robar ciki ta yage. A yi wannan aiki a fili, nesa da wuta da taba, da tsumma a hannu, don mai a bar 5 feshi yake, ba ɗiga ba.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi. Akwai wani ɗan sukuru a kusa da faifan iska da ake juyawa da makulli mai kusurwa shida na milimita 3. Kada ka bari a taɓa shi. Na taɓa kai tsohuwar Golf GTI ɗina wani gareji da irin ciwon taka, ina tsaye yaron ya zura makulli ya murɗa "don mai ya ƙaru". Na dawo gida da ciwo biyu: tana nan da gardamarta in ta yi zafi, ga fulogi baƙi ƙirin da shan mai kamar rariya. Sai da aka sa na'urar auna hayaƙi kafin ta dawo daidai, asalin matsalar kuma ashe bawul ne da bai kai ɗan yatsa tsawo ba.

In an auna, turo mana abin da geji ya nuna da sanyi, da zafi, da kuma bayan minti goma da ashirin da kashewa, mu duba tare.