Fadama ko tudu: ina ya kamata a ɗora amya?

Malam, ka ce kana da amya takwas, kana shawara tsakanin lambun kawunka a fadamar Wurno da gonarku ta gado da ke kan tudu wajen Gwadabawa, wadda har yanzu akwai gawo da magarya a cikinta. Ni dai tudu zan ce maka, amma da sharaɗi.

Abin da ke jan mutum zuwa fadama a fili yake. A watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, gefen gulbin Rima shar yake, albarkacin ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo. Sai dai kudan zuma ba ganye yake ci ba. Abu biyu yake nema a jikin fure: ruwan zaƙin da yake mayarwa zuma, da garin furen da ake ciyar da 'ya'ya da shi. To duba abin da aka fi shukawa a can. Shinkafa da alkama ba su ba shi ruwan zaƙi. Albasa da tafarnuwa ana cire su ba a bari sun yi fure ba, sai fa ɗan fegin da aka ware don iri. Tumatir ma furensa ba ya da abin da zai tsotsa. Abin da ya rage mai amfani shi ne kankana, kabewa, albasar iri da mangwaron bakin lambu. Su kuwa sukan zo a lokaci guda su wuce a lokaci guda, sai amya ta koma zaman jira.

Babbar matsalar fadama kuma feshi ce. Mai albasa yana feshin ƙwari kusan duk mako idan ƙananan ƙwarin ganye suka taso, mai kankana da mai tumatir ma haka. Ko kawunka ya yi maka alkawarin ba zai fesa ba, ba ka tsira ba, domin kudan zuma yakan yi kilomita 2 zuwa 3 wajen kiwo, wani lokaci fiye. Lambuna nawa ke cikin wannan faɗin? Wani maganin nan take yake kashewa, ka wayi gari ka tarar da gawarwaki a bakin amya. Wani kuma a hankali yake aiki, yana rikita kudan ya kasa gane hanyar gida, amya ta yi ta raguwa ba ka ga gawa ko ɗaya ba. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan ƙwari uku masu irin wannan aiki a filin gona a 2018, cikinsu har da imidacloprid, wanda a nan ana sayar da shi a shagunan kayan noma. Har ruwan da ke kwance a fangali bayan feshi, shi kudan yake sha ya kai wa 'ya'ya.

Tudu fa? Gero da dawa ba su ba da ruwan zaƙi, amma kudan yana kwasar bununinsu da damina, kuma wannan abinci ne ga 'ya'ya. Wake da riɗi suna da fure mai amfani. Amma ainihin dukiyar tudu itatuwa ne, saboda ba su yin fure tare. Magarya da kurna suna buɗewa daga ƙarshen damina zuwa kaka. Kurnar nan da muke rainawa ita ce sidir ɗin da ake yi wa zumar Yaman tsada saboda shi. Gawo kuwa halinsa daban ne: yana zubar da ganye da damina, ya yi sabon ganye da fure idan ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da ciyawa ke mutuwa. Bayansa sai aduwa da darbejiya su riƙe rani zuwa bazara. Wannan karɓa-karɓar ita ke hana kudanmu na Afirka ƙaura, domin shi ba ya haƙuri da yunwa: abinci na yankewa sai ya tattara ya bar maka amya wayam.

Tudu ma yana da nasa aibi. Wake ana yi masa feshi daidai lokacin da yake fure, wanda shi ne mafi munin lokaci. Maganin ciyawa ya share furannin kan iyaka da na burtali waɗanda a da suke cike giɓi. Saura ta yi ƙaranci, kowane taƙi an nome shi. Sai kuma ruwa, wanda a nan fadama ta yi wa tudu fintinkau. Kudan yana riƙe ɗumin ɗakin 'ya'ya a wajen digiri 35, ga shi zafin Sakkwato a Afrilu yana haura 40, da ruwa yake sanyaya amya. Bambancin shi ne, ƙishirwa kana iya maganinta da tsohuwar randa ko kasko a inuwa, ka jefa karare ko tsakuwa don kada su nutse, ka riƙa cikawa. Feshin maƙwabta ɗari kuwa ba ya hannunka.

Sharaɗin da na ce shi ne itatuwan nan su kasance da gaske suna nan. Kada ka ƙirga na gonarku kaɗai, zaga duk kewayen. Idan masu itace da gawayi sun riga ka, ko ana sassabe rassan gawo don dabbobi kafin ya yi fure, to gonar ba za ta riƙe amya takwas ba. Fara da uku ko huɗu, ka ga yadda za su ƙetare bazara.

Fadamar kuma kada ka yanke ta gaba ɗaya. Idan kawu zai yi albasar iri ko kankana, shi ma yana bukatar kudan, don ba su yin 'ya'ya sosai sai da shi. Kai amya biyu na tsawon furen kawai, ku daidaita da maƙwabtan kusa cewa feshi sai bayan la'asar sakaliya, lokacin da kudan ya koma gida, kuma a sanar da kai tun jajibiri don ka toshe ƙofar da raga mai shan iska. Fure na ƙarewa, ka mayar da su Gwadabawa da dare.