Takardun zama a Faransa: abin da ɗan Damagaram zai gyara tun yana gida

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa na Damagaram. Tambayoyin da kuke aiko mini ta WhatsApp sun yawaita, kuma galibinsu a kan tsadar kaya ne da hanyar zuwa Faransa, saboda haka na ga ya fi dacewa in ba da amsa guda a rubuce, domin mai niyyar tafiya da iyayen da za su sayar da kadara su tura shi su san abin da ke gabansu.

Kaya akwai su a nan Faransa. Ruwa ba ya yankewa a famfo, wuta ba a ɗauke ta, kuma duk wanda ya taɓa jiran mai garuwa a Birni ko Zango cikin bazara ya san darajar wannan. Gero da kuka da busasshiyar kuɓewa ana samun su a shagunan unguwar Shato Ruj a Paris, sai dai da tsada ƙwarai. Amma abin da ake saye da kuɗi hannu da hannu shi ne mai sauƙi. Hayar ɗaki, da aikin albashi, da inshorar lafiya, duk sai an fara tambayar takardar zama. A gida mai unguwa ko wani dattijo zai tsaya maka a ba ka haya a kan maganarsa, a nan kuwa mai gida yakan nemi takardun albashinka na wata 3, yakan so albashin ya ninka kuɗin hayar sau uku, sau da yawa har da mai tsaya maka a rubuce. Yawan waɗanda suka san ka ba ya shiga lissafin ko kaɗan.

Shi ya sa nake cewa rabin aikin a Damagaram ake yin sa, kafin a hau mota. Kowa ya fito da takardar haihuwarsa, da katin ɗan ƙasa, da fasfo, da takardun makaranta, ya shimfiɗa su a tabarma ɗaya ya karanta harafi bayan harafi. Idan an rubuta Mahamadou a wannan, Mahamane a waccan, ko kuma ranar haihuwa ta bambanta tsakanin takardar kotu da ta makaranta, ma'aikacin nan zai ɗauka mutum biyu ne ko kuma takardar jabu ce, alhali a wurinmu kowa ya san mutum ɗaya ne. Gyaran irin wannan kuskure a kotu yana da sauƙi ga wanda yake gari, yana da wuya matuƙa ga wanda ya riga ya ƙetare teku. Muna da sauƙi ɗaya da ƴan uwanmu na Kano da Katsina ba su da shi: takardunmu da Faransanci suke, ba ma biyan tafintan da kotu ta rantsar domin ya fassara su.

Maganar aure ma haka take. Auren da aka ɗaura gaban liman da shaidu, hukumar nan ba ta san da shi ba sai an rubuta shi a meri, wato ofishin magajin gari, an karɓi takardarsa. Mai son iyalinsa su biyo shi sai ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa doka, ya nuna kuɗin shiga da gida mai isasshen faɗi. Dokar Faransa kuma ba ta ba da takardar zama ga wanda yake zaune da mace fiye da ɗaya a cikin ƙasar. Na faɗi wannan a sarari ne domin kada magidanci ya yi wa iyalinsa alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Biza iri biyu ce, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. Ta gajeren zama, wato ta Shengen, kwana 90 kawai take ba mutum a cikin kwana 180, kuɗinta yuro 90 tun watan Yunin 2024, wajen jika 59 ke nan tunda yuro ɗaya ya kusa sefa 656, kuma ba a mayar da kuɗin idan an hana. Wannan biza ta ziyara ce, a mafi yawan hali ba ta komawa takardar zama, kuma ranar da ta ƙare mutum ya zama marar takarda. Mai son karatu ko aiki ko zama da iyali, ta dogon zama zai nema. Ɗalibi sai ya samu karɓa daga makaranta, ya nuna yana da kuɗin riƙe kansa, wanda a 2024 bai gaza yuro 615 a wata ba, fiye da jika 400, kuma doka ta ba shi damar aikin awa 964 a shekara, ba fiye ba. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon watan Janairun 2024, lamarin ya ƙara nauyi, domin sai an nemi ƙaramin ofishin jakadanci a wata ƙasa, da kuɗin mota da na masauki a kai. Wannan ne ya buɗe wa dillalai kasuwa. Ina roƙonku don Allah ku guje wa duk mai cewa yana da hanya a ciki, domin takardar banki ta ƙarya guda ɗaya tana iya ɓata sunan mutum a nan gaba ko da ya dawo da takardun gaskiya.

Wanda ya iso da bizar dogon zama mai matsayin takardar zama, wajibi ne ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da isowarsa. Daga nan rayuwarsa ta koma lissafin kwanaki. Ana neman sabuntawa tsakanin wata 4 da wata 2 kafin takardar ta ƙare, wanda ya makara ana cin sa tarar yuro 180. A 2024 harajin katin zama na yau da kullum yuro 225 ne, kuma irin waɗannan kuɗaɗe majalisa na canza su, saboda haka a duba shafin gwamnati na Service-Public kafin a biya. Matakan suna hawa ne daga katin shekara 1, zuwa na shekaru har 4, zuwa na shekara 10.

A gaskiya ofisoshin nan ba sa neman na goro, wannan kuwa abin yabo ne. Amma a gida kana iya zama a benci tun safe har ka ga fuskar ma'aikaci ka yi masa bayani, a nan kuwa yawancin buƙatu ta manhajar gwamnati ta takardun baƙi, wato ANEF, ake shigar da su, kuma idan ta tsaya babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa da kanta ta fitar da rahoto a ƙarshen 2024 a kan yadda matsalolin wannan manhaja suke jawo wa baƙi asarar haƙƙoƙinsu. Kariyar mutum ita ce hujja. Ya ɗauki hoton fuskar kwamfuta da kwanan wata duk lokacin da ta ƙi, ya aika wa prefektir, wato ofishin da ke ba da takardar zama, wasiƙa mai rajista wadda ake dawo masa da shaidar an karɓa, ya adana ƙaramar takardar gidan waya. Takardun albashi, da rasit na haya, da na wuta, da na haraji, kada a yar da ko ɗaya.

Idan aka aiko takardar umarnin barin ƙasa, wadda ake kira OQTF, kada a ɓoye ta don kunya ko tsoro. Ana iya ƙalubalantar ta a kotu, amma wa'adin gajere ne: wata 1 a wasu lokuta, kwana 7 a wasu, awa 48 ga wanda aka tsare. Ƙungiyar La Cimade tana ba da shawara kyauta, kuma marar hali yana iya neman gwamnati ta biya masa lauya. Neman mafaka kuwa, wanda hukumar OFPRA ke dubawa, na wanda ake farautar ransa ne da gaske, kuma labarin da dillali ya tsara yakan rushe a gaban masu tambaya.

Zama ɗan ƙasa shi ne mataki na ƙarshe. Ana buƙatar shekara 5 na zama bisa doka, ko 2 ga wanda ya yi karatun jami'a na shekara biyu a Faransa ya samu shaida, ko shekara 4 na aure da ɗan ƙasa. Bisa dokar 26 ga Janairun 2024, daga farkon 2026 ana neman matakin Faransanci na A2 don katin shekaru har 4, B1 don na shekara 10, B2 don zama ɗan ƙasa, tare da jarrabawa a kan tarihi da tsarin mulkin ƙasar. Faransancin kasuwa ba zai wadatar ba, domin har rubutu ake gwadawa, saboda haka yaran da ke barin makaranta da sunan tafiya suna yanke igiyar gugarsu ne da hannunsu. Nijar ta amince da riƙe ƙasa biyu tun 2014, babu wanda zai rasa ƙasarsa ta haihuwa. Sai dai za a nemi cikakkiyar takardar haihuwarka, da bayanan haihuwa da auren iyayenka, kuma wanda bai kai shekara 10 a Faransa ba sai ya kawo takardar shaidar rashin laifi daga gida. Wannan ta kan tsufa da wuri, don haka kafin ka tashi ka zaɓi mutum mai amana wanda ya iya karatu, ka bar masa kwafin takardunka duka, domin shi ne zai je kotun Damagaram ya karɓo ta ya aiko maka a kan kari.