Ragon turke ko na daji: wanne ya fi nama?

Malam, kan tambayarka ta wanda ya fi nama mai kyau tsakanin ragon turke da wanda ke bin garke a daji, ni dai na turke zan ce ka saya. Sai dai ba kowane na turke ba: wanda ya yi ƙashi a daji, sannan aka ɗaure shi kwana 75 zuwa 90 a kan harawa.

Irin wannan rago in aka feɗe shi, za ka ga farin kitse ya lulluɓe gadon baya da haƙarƙari, ƙoda ta nutse cikin nata kitsen, tsokar kuma ja ce mai haske, mai laushi, yatsa na shiga cikinta. Amfanin wannan yana fitowa ne a gashinmu na layya, inda ake tsire rago a kan itace a jingina shi gefen wuta tun hantsi har dare. Kitsen yana narkewa a hankali yana bin naman, ba ya barin shi ya bushe. Kashegari kuma in za a soya, man jikinsa ya isa, kuma a cikinsa ake ajiye soyen ya daɗe.

Abincin ne ke kawo wannan. Rago mai kilo 40 yana cin busasshen abinci kamar kilo ɗaya da rabi a rana. A ba shi wajen kilo ɗaya na harawar wake ko ta gyaɗa, da rabin kilo na dusar gero ko ta alkama, a raba safe da yamma. A ƙara ɗan ƙowar wake ko 'ya'yan gawo in akwai, gishiri kaɗan, ruwa kuwa kada ya yanke. Kafin a fara, a kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa kake ciyarwa. Balami da Uda suna karɓar turke sosai saboda girman ƙashinsu.

Inda masu turke ke ɓata nama shi ne wajen dusa da hatsi. In aka cika wa rago gero ko masara lokaci ɗaya, cikinsa zai yi tsami, ya kumbura, ya yi zawo, wani har ya mutu; shi ya sa ake ƙara masa sannu-sannu cikin mako biyu. In dusa ta rinjayi harawa tsawon watanni, tsakuwa na iya toshe masa fitsari, kitsen kuma ya fito da laushi yana maiƙo, ya taru a ciki maimakon kan tsoka. Ragon da ya shekara a ɗaure, kuɗin kitse za ka biya, rabinsa ya tsiyaye a wuta.

Na daji yana da gardi, ban musa ba. Namansa ya fi duhu, kitsensa kaɗan ne, mai kilishi ma shi yake so. Amma lokacinsa bayan kaka ne, Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ya ƙoshi da ciyawa da ragowar gona. Shekarun nan layya tana faɗowa a Mayu ko Yuni, wajen ƙarshen bazara, lokacin da garken Dakoro ta jihar Maraɗi a Nijar da kewaye ke yin doguwar tafiya neman abin ci. A wannan lokaci tsokarsa tauri gare ta, a wuta sai ta ƙanƙance. Wanda ya yi kiwo a fadama ko bakin tabki, a duba hantarsa da kyau bayan yanka, saboda tsutsar hanta. Na yawon cikin gari kuwa ka bar shi, sau da yawa leda ce cike da tumbinsa.

Ka yi hattara a kasuwa. Akwai masu ɗura wa rago kanwa ko gishiri da daddare, ya kwankwaɗi ruwa da safe, ciki ya tashi kamar ƙiba. Kada ka kalli ciki. Ɗora hannunka a gadon baya, bayan haƙarƙari na ƙarshe: in ƙashin yana sokar tafinka, babu nama. Taɓa ƙirji da gindin wutsiya. Buɗe bakinsa: manyan haƙora biyu a ƙasa, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ke nan, huɗu, wajen shekara biyu. Nan ka tsaya. In takwas ɗin duk sun fito har sun fara cinyewa, tsoho ne, turke ba zai tausasa shi ba. Ka tambayi ranar da aka yi masa allura ta ƙarshe, domin wasu magungunan sai an yi makonni kafin a ci naman, kuma adadin kwanakin yana rubuce a jikin kwalba.

In ka kawo shi gida daga kasuwar nesa, bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu a inuwa. Ragon da aka yanka a gajiye namansa duhu yake yi, kuma ba ya jure ajiya. Daren yanka a janye masa abinci, a bar masa ruwa kawai.