Gargaɗi: Masu Sayar da "Sirrin Lissafi" na Lambobin Loto 'Yan Damfara Ne

Jama'a, a yi hattara da mutanen da suka cika Facebook da Telegram da WhatsApp suna tallar wai sun gano dabarar lissafi da ke fitar da lambobin da za su ci a cacar loto. Wani littafi yake sayarwa, wani manhaja, wani kuma sai ka biya kuɗin wata-wata kafin ya saka ka a guruf ɗin "manya". Kwanan nan har sun ƙara da cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke yi musu hasashen. Duk kanwar ja ce.

Ƙanena ne ya sa ni wannan rubutu. Na tarar da wani littafi a ƙarƙashin matashinsa, kowane shafi an ja masa layuka da rula, an jera sakamakon wata da watanni. Lambobin da suka yawaita fitowa ya zagaye su da jan biro, ya rubuta "masu zafi". Waɗanda suka daɗe ba a gan su ba ya ja musu layi da shuɗi, wai lokacinsu ya yi. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo: ba da son banza kaɗai suka kama shi ba, da son lissafinsa suka kama shi. Da na ce masa caca ce, hukuncinta kuma yana nan a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, sai ya ce, "Yaya, ai wannan ba caca ba ce, ilimi ne." Wannan amsar ita ce hajar da suke sayarwa.

To, mu bi shi ta lissafin. Ƙwallayen da ke juyawa cikin injin ba su da tunani, ba su san abin da ya fito jiya ba. Kowane zagaye ana mayar da su duka ciki, a fara daga farko. Lambar da ta yi wata shida ba ta fito ba, da wadda ta fito jiya, damarsu ɗaya ce a yau. Wannan ruɗun na "lokacinta ya yi" tsoho ne. A 1913, a gidan cacar Monte Carlo, a wasan rulet da ƙwallo ke faɗawa kan baƙi ko ja, ta faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa dole yanzu ta juya, suka tafka asara. A Bulgeriya kuwa, a watan Satumba na 2009, lambobi shida iri ɗaya sak, 4, 15, 23, 24, 35, 42, suka fito a zagaye biyu a jere, aka yi bincike ba a samu maguɗi ba. Wace dabara ce za ta ce ka maimaita lambobin da suka fito kwana huɗu da suka wuce?

Ga kuma girman ramin. A wasan da ake zaɓar lamba 6 cikin 49, akwai haɗin lambobi shida daban-daban har 13,983,816, ɗaya ne kawai ke ci. In kana sayen haɗi daban kowane mako, sai ka shekara sama da 268,000 kafin ka zagaye su. A Powerball ta Amurka, damar cin babbar kyauta ɗaya ce cikin 292,201,338. Ko a wasan 5 cikin 90, inda suka fi yi wa mutane alkawarin "lamba biyu tabbas", damar lambobinka biyu su fito tare kusan ɗaya ce cikin 400. Babu jadawalin da ke rage waɗannan alƙaluma ko da ɗigo.

Za ka ce, to yaya aka yi wasu ke shaida cewa lambar ta fito musu? Nan ne wayon yake, kuma ina so a fahimce shi sosai. A ce ɗan damfara yana da mutum 900 a wayarsa. Sai ya raba su goma-goma, kowane rukuni ya tura musu lamba ɗaya daga 1 zuwa 90, kyauta, "don ku gwada ku gani". Tunda lamba biyar za a fitar, dole mutum 50 su ga tasu ta fito. Bai san komai ba, bai hango komai ba. Sauran 850 ya share su. Waɗannan hamsin ɗin ya sake raba musu lambobi, a cikinsu biyu ko uku za su ga an dace karo na biyu. Su ne za su rantse da shi, su janyo abokansu, su biya kuɗin shiga guruf hannu na rawa. Ƙara da hotunan tikiti da na shigar kuɗi da ake haɗawa a waya cikin minti biyar, da saƙon da ake gyarawa bayan an fitar da sakamako, da asusun bogi masu godiya a ƙarƙashin kowane talla. In ka faɗi, laifinka ne: ba ka bi tsarin daidai ba, ko kana ƙaramin mataki, sai ka ƙara kuɗi ka hau babba. In ka matsa da tambaya, a fitar da kai.

Suna yawan kafa hujja da wasu mutane da suka ci loto da lissafi da gaske. Labarin gaskiya ne, amma rabinsa suke faɗa. Stefan Mandel bai yi hasashen lamba ko ɗaya ba. A 1992 ya lura cewa loton jihar Bajiniya ta Amurka tana da haɗi 7,059,052 kacal, kyautar kuma ta kai dala miliyan 27, wato ta ninka kuɗin sayen haɗin gaba ɗaya. Sai ya tara dubban masu zuba jari daga Ostireliya, suka sayi miliyoyin tikiti. Haka Jerry Selbee da matarsa Marge, da wasu ɗaliban jami'ar MIT, a wasan Cash WinFall na jihar Masacuset ta Amurka: ƙa'idar wasan ce ke da ɓaraka, domin in babbar kyauta ta kai dala miliyan 2 ba a ci ba, sai a sauko da kuɗin kan ƙananan kyaututtuka. A irin wannan makon suke sayen tikiti dubu ɗaruruwa. An rufe wasan a 2012. Jari mai nauyi ne da ɓarakar ƙa'ida, ba sirrin da ake turowa a waya ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka tabbatar sun san lambobi tun kafin su fito shi ne Eddie Tipton, jami'in tsaron kwamfuta na ƙungiyar loton jihohin Amurka, wanda ya cusa wa na'urar fitar da lambobi wata manhaja ta ɓoye. Wannan sata ce, kuma a 2017 aka yanke masa hukuncin ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25.

Tambayar da na yi wa ƙanena, wadda ta sa ya yi shiru, ita ce: mutumin da ya san lambobin gobe, me zai yi da kuɗin rajistarka? Kowane mutum da ya ba lambar, kyautarsa yake ragewa, tunda babbar kyauta raba ta ake yi. A Afirka ta Kudu, cikin Disamban 2020, da 5, 6, 7, 8, 9 da 10 suka fito, mutum 20 ne suka raba kuɗin. Mai sayar da sirrin ba ya buga wasan, kai ne wasansa.

Wanda ya riga ya shiga, ya tsaya daga nan, kada ya ce sai ya fanshe abin da ya tafi. Ka ɗauki hoton hirarku da shaidar biyan kuɗi kafin a goge, ka sanar da bankinka, ka kai ƙarar asusun ga dandalin da ka gan shi da kuma hukuma. In akwai wanda kai ka janyo shi, ka kira shi yau ka gaya masa, ko da kunya. Sannan ka sa ido, domin bayan ka fita sukan dawo da sabon suna, wai su masu ƙwato wa waɗanda aka damfara kuɗinsu ne, sai dai ka fara biyan ladan aiki. Kwana tara da fitar ƙanena daga guruf ɗin, irin wannan saƙon ya shigo wayarsa, har da cikakken sunansa da adadin abin da ya biya.