Hattara da mai sayar da fitilun ado da ya ce ba sa jin ruwa

Jama'a, idan kun ci karo da tallan fitilun ado, irin dogayen nan masu ƙananan ƙwayaye da ake naɗa wa bishiya ko ƙofar gida lokacin bukukuwa, mai tallan kuma yana rantsuwa cewa ruwan sama ba ya yi musu komai, ku dakata kafin ku tura kuɗi. Ni na tura, ga abin da na gani.

Bidiyo ne ya ja ni a wani shafin intanet. An tsoma fitilun cikin shuɗin bokiti cike da ruwa, suna ci abinsu, ja da kore da rawaya. A ƙasa mutane sai yabo suke yi. Na biya, kaya suka iso, a jikin kwalin an manna sitika mai rubutun IP65, lambar da ke nuna kariya daga ƙura da ruwa. Na naɗa su a ƙarfen baranda har zuwa ƙofar shiga. Kwana huɗu lafiya lau. Daren na biyar aka yi ruwa, ba ma mai ƙarfi ba. Da safe ƙanwata ta kama ƙofar za ta buɗe, wuta ta fizge ta, ta ƙwala ihu. Allah ya taƙaita, takalmin roba ne a ƙafarta, abin ya tsaya a firgita da hannun da ya yini yana mata tsami.

Mai gyaran wutan da na kira bai ɓata lokaci ba. Ya zare filogi, ya ɗauki kwalin, ya sa farce ya ɓare sitikar. A ƙarƙashinta an buga IP20, kusa da shi ga ɗan zanen gida, alamar kayan cikin ɗaki. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ko raɓa ba a yi shi don ya sha ba."

A nan na koyi karanta lambar. Lamba biyu ne ke bin IP. Ta farko tana nuna kariya daga ƙura da abubuwa masu tauri, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ita ce ta ruwa, kuma ita ce abin dubawa ga mai rataya fitila a waje. Sifili na nufin babu kariya ko kaɗan, kenan IP20 da na saya a buɗe yake ga ruwa. IP44 yana jure fantsamar ruwa ta kowane ɓangare, shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a kai waje. IP65 ƙura ba ta shiga, yana kuma jure feshin ruwa. IP67 ne ake iya nutsarwa har zurfin mita 1 na minti 30. Ashe ko da sitikar gaskiya ce, IP65 bai yi alkawarin zama cikin bokiti ba. Da na san haka, bidiyon kansa ya isa ya sa ni zargi.

Sai ya yanke wayar ya nuna mini cikinta. Silili ne ƙwaya kaɗan, sirara kamar gashi, da ya kankare su da wuƙa sai jan launin ya tafi, farin alminiyam ya bayyana. Robar da ta rufe su ta tsage a daidai inda iska ke goga ta da ƙarfen baranda. Ɗan akwatin da ke sauya launuka kuwa da gam aka liƙe shi, yana girgizawa ruwa ya ɗigo. Mafi muni, babu tiransifoma. Fitilun waje masu kyau da yawa suna da ita, tana sauko da wutar zuwa kamar bolt 24, ta yadda ko waya ta tsage haɗarin kaɗan ne. Nawa kuwa cikakkiyar wutar soket ce ke bi ta ciki, ruwan sama mai ɗauke da ƙura da datti ya zama gada tsakaninta da ƙofa.

Bokitin fa? Mai gyaran ya yi dariya. Fitila mai batir ko mai ƙaramar wuta za ta ci a cikin ruwa ba matsala. Na koma na sake kallon bidiyon: babu inda aka nuna filogi, babu inda aka nuna akwatin. Wasu fitilun aka gwada, wasu aka aiko.

Na tura wa mai kayan hotuna. Da farko ya ce ni ne ban iya ɗaurawa ba. Daga baya ya ce in biya kuɗin mayar da kaya zai canza mini. Da na ce kuɗina nake so, ya toshe ni. Sai a lokacin na lura masu yabon nan kusan kalmomi iri ɗaya suke maimaitawa, kuma asusun da na tura kuɗin sunan mutum ne, ba na kamfani ba.

Mai son fitilun waje ya nemi a nuna masa lambar IP a jikin wayar ko tiransifomar kanta, ba a sitikar kwali ba. Kada tambarin CE, mai nuna wai kaya sun cika ƙa'idar Turai, ya ruɗe ku, mai ƙera kaya ne ke sa shi da kansa, mai damfara kuma yana da injin buga takarda. Ku duba tiransifomar daban, domin sau da yawa fitilun na waje ne amma ita ta cikin ɗaki ce. Mahaɗar wayoyi kada ta kwanta a ƙasa, kuma naɗa mata leda da salatif tara ruwa yake yi. A bar waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta kai soket, don ruwa ya ɗiga a can maimakon ya gangara ciki. Sannan a sa na'urar RCD mai rubutun 30mA, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa. Ba mu da ita a layin, shi ya sa wutar ta kwana a jikin ƙofa ba mu sani ba.

Na kai ƙarar shafin, an rufe shi. Bayan mako biyu na ga tallan ya dawo da sabon suna da sabuwar lambar waya. Bidiyon dai shi ne, da shuɗin bokitinsa.