Hattara da mai sayar da sitikar kicin ta firi-oda

Salam 'yan uwa mata. Wlh na daɗe ina juya maganar nan a raina in faɗa ko in bari, dan ni ba mai son tonon silili ba ce, amma jiya da na ga matar nan ta sake buɗe shafi a Instagram da sabon suna tana ɗora bidiyon nan dai da ta yaudare mu da shi, sai na ce a'a shirun ya isa haka. Ba zan kama suna ba, ko na kama ma ba amfani tunda wannan ne suna na uku da na san ta canza, gara in faɗa muku yadda take yi ku gane ta da kanku.

Bikin ƙanwata ne ya taso, a gida aka ce ni zan ji da kicin da sito. Kafinta ya yi mana kantoci hawa 5 a siton, kowanne tsawon mita 2, da katakon nan na MDF wanda ruwa kaɗan in ya samu hanya sai ya kumbura ya fara marmashewa, shi ya sa na ce dole a lulluɓe shi da sitika kafin a jera robobin shinkafa da su manja. Ina cikin nema na faɗa kan bidiyonta. Farin mabul mai jijiyar ruwan gwal, ana zuba masa mai ana gogewa da tsumma yana ɗaukar ido. Ta ce nadi ɗaya mita 10 ne, faɗi santimita 60, ruwa baya shiga zafi baya ɗaga shi, naira 6,500 kacal amma firi-oda ne, wato sai kin fara biya sannan a yo odarsa daga Caina, sati uku ya iso. Ni kuwa na riga na taya a Sabon Gari na ji mai mita 5 ma ya kusa wannan kuɗin. Umma har cewa ta yi ke wannan arahar ta yi yawa, banza fa ba ta kai zomo kasuwa, na ce Umma ai daga kamfani take ɗaukowa kai tsaye. Hmm.

Nadi 6 na ce, 39,000. Da ta turo akawun sunan namiji na gani, na tambaya ta ce na maigidanta ne nata ya samu matsala. Na yi tiransifa, ta jefa ni wani guruf na WhatsApp wanda admin ce kaɗai ke iya magana, to a lokacin na ɗauka tsari ne dan kar a cika surutu, ashe dan kar mu ji kukan juna ne.

Sati uku ya zama biyar, biyar ya zama bakwai. Kullum da labari, yau dala ta tashi gobe kwastan sun riƙe kwantena a Legas, ƙarshe ta ce kowa ya ƙara 1,500 a kan kowane nadi kuɗin fito da kaya in ba haka ba kayanki su bi ruwa. Biki saura kwana goma, ya zan yi? Na ƙara 9,000. Saura kwana huɗu jere ɗan sahu ya kawo min ƙunshi daga tasha, shi ma na biya.

Da farko na yi murna dan nadin ya yi kauri a hannu. Sai da na leƙa ta gefe na ga abin da ya ba shi kaurin, kwalin tsakiya ne ƙato kamar gwangwanin madara, sitikar kanta 'yar kaɗan ce aka nannaɗa a kai. Na ɗauko tef ɗin ɗinki, wanda kun san santimita 150 ne, na shimfiɗa nadin a tsakar falo ni da yarana suna danne min baki da takalma. Tef biyu da ɗan ɗori, wato mita 3 da 'yan kai. Faɗin kuma 45. Na warware na biyu haka, na uku ma bai kai ba. Duka shidan in an haɗa ba su cika mita 20 ba, ni da na biya kuɗin mita 60.

Ingancin kuma shi ya fi ƙona min rai. Sitika ta gaske roba ce, PVC, in kin ja ta tana ɗan miƙewa ba ta yagewa da sauƙi, bayanta kuma yawanci akwai layukan awo da za ki bi da almakashi. Wannan takarda ce kawai aka shafa wa ƙyalli, in kin ɗaga ta a rana kina hango yatsunki. Duk da haka na ce bari in liƙa a hawa biyu na gani tunda lokaci ya ƙure. Na goge katakon tas, na bi da katin ATM ina fitar da iska a hankali, washegari da rana ta take, kun san zafin Kano a watan Afrilu, bakunan duk sun ɗago sun nannaɗe, gam ɗin ya narke ya zama kamar alewa. Na ɗiga manja na goge da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga jijiyar gwal ɗin ta biyo tsumman. Kuma ɗagaggen baki irin wannan a sito ai gidan kyankyaso kika gina da kuɗinki.

Na yi mata magana da ladabi, na ce Hajiya dan Allah ki duba hotunan nan ba abin da muka yi ba kenan. Ta ce ayya Maman Amira ki yi haƙuri daga kamfani ne wlh nima cutata suka yi, za ta mayar min da rabi ranar Juma'a. Ranar Juma'a na wayi gari an cire ni daga guruf, lambar ta yi bulokin ɗina, shafin ma babu shi.

Daga baya na haɗu da wasu mata huɗu da muka yi oda tare, biyu ko takardar ma ba su samu ba. A nan na gane yadda abin yake. Masu sayen farko tana ba su kaya mai kyau da ta saya a kasuwa ko da ta faɗi, su yi mata bidiyon godiya, to wannan godiyar take ta ɗorawa a sitatus har ta tara kuɗin mutane da yawa sannan ta ɓace. Bidiyon tallan ma ba nata ba ne. Ƙanina ne ya nuna min soket ɗin da ke bango a ciki, mai siraran ramuka biyu a tsaye irin na Amurka, mu kuwa namu mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Sau nawa na kalli bidiyon nan ban lura ba.

Na je banki na shigar da ƙorafi, suka ce in kawo takardar 'yan sanda, riƙe akawun ɗin wani kuma sai da umarnin kotu, ga shi har an yi sati takwas da tura kuɗin.

In dai za ki saya a waya, ki ce a kira ki bidiyo kai tsaye a warware nadin a ɗora tef kina kallo, a nuna miki kwalin tsakiya da bayan sitikar, kuma ki fara da nadi ɗaya ki liƙa ki ba shi kwana biyu a zafi. Wadda ta ce ba ta bidiyo kol ko ta turo akawun da ba sunanta ba, ki riƙe kuɗinki.

Gam ɗin da ya rage a katakon sai da muka sa diraya ta gashi muna ɗumamawa muna kankarewa, muka bi da ɗan man gyaɗa sannan ruwan sabulu a matsattsen tsumma, muka kwana biyu a kai. Ana gobe jere na shiga Sabon Gari da tef ɗina a jaka, mai shago yana ta dariya yana cewa Hajiya ko tela ce ke, na ce kai dai warware mu auna.

Duk wadda ta gane matar nan kuma ta tura mata kuɗi ta ajiye sikirinshot na hira da rasit ɗin tiransifa ta min magana ta inbos, ranar Litinin mu biyar za mu kai ƙara tare, muna kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.