Akwatin magani na mako don penisilin ɗin yaro mai sikila: abin da yake yi da inda ya gaza

Ɗan akwatin roba ne mai gida 14, bakwai na safe bakwai na dare, ana samunsa a farmasin Yamai. Na gwada shi wata shida a kan aiki guda: kada penisilin V na yaro mai amosanin jini ya tsallake. Saifar waɗannan yara tana lalacewa tun suna jarirai, shi ya sa ƙwayar cutar numokok ke iya shiga jini ta kayar da yaro cikin awoyi. Ana fara maganin tun yana wata biyu zuwa uku, sau biyu a rana, har ya kai aƙalla shekara 5. Binciken da aka yi a Amurka a 1986 ya nuna yana rage kamuwar da kashi 84 cikin 100. Sai dai penisilin ba ya daɗewa a jiki, na jiya ba ya tsare yaro yau.

Amfanin akwatin shi ne yana kashe gardamar “an ba shi ko ba a ba shi ba?” A gidan da uwa, kaka da yaya ke karɓa-karɓa, kallo ɗaya ya isa: gidan Talata da safe ko wayam ne, ko magani na ciki. Ƙararrawa ba ya da ita, don haka a ɗaure shan da sallar asuba da ta magariba, tazararsu ta kusa awa 12. In an manta har lokacin na gaba ya matso, a bar wancan, kada a haɗa biyu.

Aibinsa na farko rubutun Faransanci ne, L M M J V S D. M biyun nan na Talata da Laraba suna rikita har mai karatu. A ɗiga jan farce a kan na Laraba, a zana rana a layin safe, wata a layin dare. Na biyu, marfin yana saki bayan ƴan watanni, yaro ɗan shekara biyu ma yana buɗe shi, sai a ajiye shi can sama. Kuma kada a ɓare ƙwayoyin mako guda a zuba tsirara, zafin Afrilu da danshin damina ba su barin su lafiya. A yanka takardar da almakashi, kowace ƙwaya ta shiga da rigarta.

Inda ya fi gazawa wajen jarirai ne, masu shan siro, wato maganin ruwa da ba ya zubuwa cikin akwatin. Dabarar da ta yi aiki: a sa ƙwayar wake a kowane gida, in an ba da siron a cire ɗaya. Shi siron a firji yake zama, tsakanin digiri 2 da 8, kuma randa ba ta kai wannan sanyin. Gidan da wuta ke yawan ɗaukewa gara su gaya wa likita tun farko, ko ya mayar da yaron kan ƙwaya da za a daka a ɗan ruwa. A auna da sirinjin baki, cokalin gida ba ma'auni ba ne. A duba kwalba kowane saye: akwai mai 250,000 UI (ma'aunin ƙarfin maganin) a cikin 5 ml, akwai mai 500,000, awo ɗaya ne amma ƙarfin ninki ne. Likita ke ƙara adadin gwargwadon nauyin yaro, don haka a riƙa zuwa awo a cibiyar sikila ta ƙasa da ke Yamai ko inda ake bin yaron.

Ya cancanci kuɗinsa, musamman ga mai shan ƙwaya. Ranar da aka cika shi ana ganin abin da ya rage, sai a sake saye tun da sauran na mako guda. Ko akwatin bai taɓa tsallake rana ba, in zazzaɓi ya kai 38.5 a kai yaro asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne.